Ina shan sigari, na kama ɗana yana sha: ina da bakin hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina shan sigari, kuma ɗana nake aika ya sayo mini. Yanzu shekararsa 16, na tsinci karan sigari da kwalbar kodin a aljihunsa. Wani abokina ya ce ba ni da bakin magana, gara in ja masa kunne ya riƙa shan kaɗan. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shawarar abokinka ɓatacciya ce. Kodin da ake kwankwaɗa don a bugu hukuncinsa hukuncin giya ne, domin Annabi (SAW) ya ce duk abin da ke bugarwa giya ne, kuma kowace giya haramun ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A hadisin Jabir kuma, abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Babu maganar "shan kaɗan" a nan. Ita ma gwamnatin Najeriya tun 2018 ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Taba kam malamai sun yi saɓani a kanta lokacin da ta fara yaɗuwa, har Ahmad Baba na Tumbutu ya halatta ta. Amma a zamaninsu ba a san tana jawo ciwon daji da ciwon zuciya ba. Da cutarwar ta tabbata, mafi yawan malamai suka tafi a kan haramci, bisa hadisin "babu cuta, babu cutarwa". Wannan shi ne abin da na rinjayar.

Hana ɗanka wajibi ne a kanka, ko da ba ka daina ba tukuna. Allah Ya ce ku kare kanku da iyalanku daga wuta (Tahrim, aya ta 6). Imam Malik ya kawo maganar Sa'idu ɗan Jubair cewa da sai marar laifi ne zai yi horo da alheri, da babu wanda zai yi. Wajibai biyu ne a wuyanka: ka daina, kuma ka hana. Sakaci da na farko ba ya sauke maka na biyu.

Sai dai fa ka ji wannan da kyau. Kai ka nuna wa yaron nan hanyar mai tebur, kai ka ba shi kuɗin, a gabanka ya saba da warin hayaƙin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Aiken yaro sayo sigari taimako ne a kan saɓo, kuma dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Daga yau kada ka ƙara aikensa, kada ka kunna a gida.

Ka zaunar da shi ba da bulala ba, ka amsa masa cewa kai ma ka yi kuskure kuma kana ƙoƙarin bari. Idan kodin ya riga ya kama jikinsa, ku je wurin likita. Neman magani ba tonon asiri ba ne.

Wallahu a'alam.