Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne Toyota ba ta mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen mota 'yar Kwatano don kai yara makaranta da tafiyar Gusau zuwa Kano jefi-jefi. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in sayi Toyota in huta. Dillali ya nuna min Corolla 2008 da Camry 2008 mai silinda huɗu, duka shigowar Amurka. Ina son sanin asalin kamfanin nan da dalilin da ya sa masu motocinsa ke yabon su haka. Akwai gaskiya a ciki, ko suna ne kawai ya tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai gaskiya a yabon, amma ba kowace Toyota ce ta cancanci a rufe ido a saya ba. A cikin biyun da aka nuna maka ma, ɗaya tana da ciwon da aka san ta da shi.

Gidan Toyoda da masaƙa suka fara. Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867, ɗan kafinta ne da ya ƙarar da rayuwarsa wajen ƙera injin saƙa. Matsalar injin saƙa na wancan zamani ita ce in zare ɗaya ya tsinke, inji bai san an yi ba, haka zai ci gaba da zuba yadi mai aibi har sai wani ya lura. Sakichi ya yi wa nasa dabarar da zai tsaya cak da zarar zare ya tsinke. A 1924 ya kammala samfurin da ake kira Type G, a 1929 kuma kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya karkata ga mota. Ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin masaƙar a 1933, motar AA ta fito a 1936, sannan a 1937 sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa da sunan Toyota. Garin Koromo da suka kafa masana'anta ya koma amsa sunan Toyota a 1959.

Ka riƙe maganar zaren nan, don ita ce ginshiƙin komai. A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa. Kuɗi ya ƙare, aka sallami ma'aikata, aka yi yajin aiki, Kiichiro ya ajiye muƙaminsa. Odar manyan motoci da sojojin Amurka suka bayar lokacin yaƙin Koriya ce ta farfaɗo da su. A shekarar ne Eiji Toyoda ya je ya ga masana'antar Ford a Amurka, ya dawo da sanin cewa su ba su da jarin da za su tara kaya jibgi, ko su ƙera mota da kuskure sannan a zo ana gyarawa a ƙarshen layi. Shi da wani injiniya, Taiichi Ohno, suka shimfiɗa tsarin da ya yi daidai da aljihunsu. Aka rataya igiya a saman layin haɗa mota. Duk ma'aikacin da ya ga noti bai zauna ba, ko ƙofa ta ƙi daidaita, sai ya ja igiyar, shugaban rukuni ya zo, in abin bai gyaru nan take ba layi ya tsaya. Aka kuma daina tara kayan haɗi a sito, sai abin da za a yi aiki da shi a lokacin. Amfanin hakan, in mai kawo kaya ya kawo famfon ruwa mara kyau, ranar za a gane, tun kafin a ɗaura shi a motoci dubu. Ohno ya kuma ɗora su a kan tambayar "don me?" har sau biyar, sai an kai ga saiwar matsala.

Ko da hakan, sai da suka sha kunya. Crown da suka kai Amurka a 1958 ta kasa jure gudun manyan titunan can, ga zafi ga rashin ƙarfi, har suka dakatar da kai ta. Suka koma gida suka sake shiri. Daga nan Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968, Camry a 1982, Lexus a 1989, Prius a 1997. Zuwa 2021 Corolla kaɗai an sayar da fiye da miliyan 50. A nan kusa da mu ma, yaƙin da Chadi ta gwabza da Libiya a 1987 "Yaƙin Toyota" ake ce masa, saboda a bayan Hilux da Land Cruiser sojojin Chadi suka ɗaura makamai suna keta rairayin Sahara.

Dalili na biyu, Toyota ba ta gaggawar sauya abin da ke aiki. Injin 1ZZ-FE mai lita 1.8 da ke cikin Corollar da aka nuna maka ya yi kusan shekara goma ana saka shi a Corolla, Matrix, Avensis da Pontiac Vibe. Har 2013 yawancin Corollar Amurka mai giyar otomatik da giya huɗu take tafiya, lokacin da abokan hamayya suka kai shida. Wannan ya sa ba ta da zafin tashi, cikinta kuma ba wani ƙawa, amma duk aibin da ke jikin injin an daɗe da gano shi. Ga yawa kuma. Tun da an ƙera miliyoyi, ba abin da za ka nema a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka rasa, sabo ko na gwanjo, kuma ko a ƙauye ta tsaya maka za ka samu makaniken da ya taɓa kwance irinta. Rabin abin da mutanenmu ke kira ƙarkon Toyota wannan ne: ta lalace da safe, kafin la'asar ta hau titi. In ka tashi sayarwa kuma ba ta kwana a hannu.

Game da gamsuwar masu ita, akwai ma'aunai biyu da ake yawan ambata a Amurka. J.D. Power na ƙirga yawan matsaloli a cikin kowace mota 100 da ta shekara uku a hannun mai ita. Consumer Reports kuma na tambayar mambobinta abin da ya lalace musu cikin shekara. A duka biyun Toyota da Lexus sun daɗe suna sahun gaba, ko da yake ba kullum suke na ɗaya ba, don a 2024 Subaru ce ta hau saman jerin Consumer Reports. Sai dai in aka koma ga tambayar "za ka sake sayen irinta?", akan ga motoci masu yawan zuwa gareji sun sha gaban Toyota, saboda masu su na jin daɗin tuƙinsu. Mai Corolla ba burge shi take yi ba, hankalinsa ne a kwance. Kuma ka tuna waɗancan alƙaluma na motoci ne sababbi-sababbi, a kan titi mai kyau, da mai mai tsabta. Taka ta haura shekara goma sha biyar, ta ratsa hannun mutanen da ba ka sani ba.

Yanzu ga motocinka biyu. Camry 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da injin 2AZ-FE mai lita 2.4, kuma an san shi da shan baƙin mai. Ƙananan ramukan da ke jikin fistin, waɗanda ke mayar da mai ƙasa, sukan toshe da dauɗa, ringin da ke share mai ya maƙale, sai mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Kamfanin da kansa ya amince da matsalar, ya sa ma'aunin cewa injin da ya sha kusan lita ɗaya a kilomita 1,900 ya cancanci a sauya masa fistin da ringi. Haɗarin shi ne ba lallai ka ga hayaƙi ba, ba kuma za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Lita 4.3 kacal injin ke ɗauka, in ba ka dubawa, kafin lokacin juye ya zo mai ya yi ƙasa, sai ka ji ta yi nokin a hanyar Funtuwa. Zuba mai mai kauri ɓoye ciwon kawai yake yi, maganinsa garambawul ne. Wannan samfurin kuma dashbod ɗinsa kan narke ya yi danƙo a rana, yana ƙyalli a gilashi har ya dami ido. Yana cikin motocin da aka yi wa kiranye, wato kamfani ya ce a mayar da su a gyara, a 2009 da 2010 saboda totur na maƙalewa ko shimfiɗar ƙasa ta danne shi, lamarin da ya kai shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, gaban majalisar dokokin Amurka, ya kuma jawo musu tarar dala biliyan 1.2 a 2014.

Corolla 2008 ta fi kwanciyar hankali. Injinta ma ya yi fama da shan mai a shekarun farko, amma an gyara fistin ɗin kafin a zo kan na 2008. Abubuwanta ƙanana ne. Robar bakin bututun da ke shigar da iska cikin inji takan bushe ta riƙa zuƙo iska ta gefe, sai injin ya riƙa rawa in yana tsaye, na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0171. Robar abin da ke ɗame sarƙar taimin takan yi yoyon mai ta bayan inji. An kuma yi wa na 2005 zuwa 2008 kiranye a kan kwamfutar inji, wadda allonta kan tsage, mota ta mutu tana cikin tafiya ko ta ƙi tashi. Wanda ya fi muhimmanci shi ne jakar iska ta kamfanin Takata da ke ɓangaren fasinja. Zafi da laima na lalata sinadarin da ke hura ta, ta yadda in ta fashe takan watso ƙarfe. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi 17, ka saka a shafin kiranye na Toyota a intanet, zai nuna maka aikin da ba a yi ba. A lambar nan, harafi na goma shi ne shekara, 8 na nufin 2008. Dillalai na sauya fitila da bamba su ƙara wa mota shekara, amma wannan harafin ba ya ƙarya.

Mu dai a tsakanin biyun, in lafiyarsu ɗaya, Corolla za mu nuna maka. In faɗin Camry kake so saboda iyali, ka ƙara kuɗi ka nemi ta 2010 ko 2011 mai injin 2.5, ko ka sa kuɗin garambawul a lissafinka tun wajen ciniki.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin da hannu ka tabbatar da sanyinsa. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar inji da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, an cire mata ƙwai ne don a ɓoye wani abu. Sa wani ya tsaya bayan salansa lokacin tashin farko. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma ruwa ne, gaskit ya tafi. Buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki da tocila, in ka ga baƙin kunu ya daskare kamar kwalta, mai ita ba ya yin juye a kan lokaci. Zaro sandar man giya ka goga a farar takarda. Ja ko ruwan kasa-kasa ba laifi, baƙi mai warin ƙuna kuwa ka haƙura da ita. Leƙa ƙasa ka duba tsatsa, don a jihohin sanyi na Amurka da Kanada gishiri ake watsa wa titi, ka kuma duba ko an fafe indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sansana, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, motar da ta sha ambaliya a nan take tona kanta. Agogonta kuma mil yake ƙirgawa, mil 150,000 ya kai kimanin kilomita 240,000.

Bayan ta shigo hannunka, yawancin abin da ke kashe Toyota a wajenmu a gareji ake yi mata shi. Injinan nan biyu suna da tsarin VVT-i mai daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda ke aiki da ƙarfin mai ta wasu siraran hanyoyi. Corollar 5W-30 take so, kimanin lita 4.2 har da filta, Camryn kuma 5W-20. In aka ɗura mata 20W-50 da sunan ƙasarmu da zafi, mai zai yi jinkirin isa sama a tashin safe, a daidai lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Littafinta ya ce juye duk kilomita 8,000 ko wata shida, amma da ƙurar hunturu da jabun mai da ya cika kasuwa, gara ka tsaya a 5,000. Man giya ma ba ɗaya ba ne: Corolla 2008 T-IV take sha, Camry 2008 kuma WS, ka duba jikin sandar ko littafin motar kafin a zuba. Duka biyun sarƙar taimin gare su, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan sauya bel ɗin taimin.

Sai lagireto. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a ciki, ya toshe siraran bututu, ya ci famfon ruwa. A zuba ruwan sanyaya inji na asali, mai launin hoda. In ta fara ɗaukar zafi, makanike da yawa zai ce a cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye. Kada ka yarda. Tamostat na buɗewa ne a wajen digiri 82 don injin ya tsaya a zafin da aka tsara masa. In babu shi, kwamfuta za ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara fetur, ka ga shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma ya riƙa wanke man da ke jikin silinda. Zafin yana da dalilinsa, kuma galibi ɗaya ne daga cikin huɗu: murfin lagireto ya saki, lagireton ya toshe, famfon ruwa na yoyo, ko fanka ba ta tashi. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da murfin, don shi ya fi araha.