Amsa ga 'yar'uwar da aiki ya kai ƙauyen da Fada (limamin Katolika) ba ya zuwa sai wata-wata

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za ki riƙe dangantakarki da Allah da ikilisiya alhali Misa, babbar ibadar da Fada ke jagoranta, ta yi miki nisa. Ki kwantar da hankalinki, dokar Coci ba ta ɗora laifi a kan wanda ba shi da halin zuwa. Amma kada Lahadi ta wuce a banza. Nemi katikis na wurin, wato mai koyar da addini a cocin, yawanci shi ke jagorantar karatun Maganar Allah da addu'o'i idan Fada ba ya nan. Kai masa katin baftismarki a rubuta sunanki, domin wanda ba a sani ba, ba a nemansa ranar ciwo. Shiga Zumuntar Mata Katolika, ko da su biyar ne.

A gida, tsayar da lokaci guda na Rosari, addu'ar carbi da ake yi goma-goma sau biyar. Abin da ke kashe shi shi ne barinsa sai an kwanta, barci ya ɗauke mutum tun a goma ta biyu. Gara da asuba. Kowace rana da asiran da ake tunani a kansu a Rosari, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu: Litinin da Asabar asiran farin ciki, Talata da Juma'a na baƙin ciki, Laraba da Lahadi na ɗaukaka, Alhamis na haske, waɗanda Fafaroma John Paul II ya ƙara a 2002.

Ranar da Fada zai zo, isa da wuri ki furta zunubanki, don layi kan yi tsawo. Ki dakatar da ci da sha awa 1 kafin karɓar Jikin Almasihu, ban da ruwa da magani.