Emrakul, Mai Hankaki da matar da ta ɓoye fuska: wane hasashe ne abin kamawa a labarin Magic?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Kusan shekara guda ke nan ina buga Magic: The Gathering a waya, ta manhajar Arena. Da farko cin wasa kawai ne a gabana, sai daga baya na lura ashe katunan nan labari suke bayarwa. Ina da aboki da ya riga ni shiga harkar, kullum da hasashen da zai zo mini da shi. Yau ya ce Marit Lage 'yar gidan Eldrazi ce, gobe ya ce Emrakul da kanta ta kulle kanta kuma tana nan dawowa. In na yi musu sai ya ce ai masoya sun sha cankar labarin daidai tun kafin kamfani ya bayyana. Gaskiya ne? Ta yaya zan bambance hasashe mai tushe da shaci-faɗi? Sannan kamfanin yana ɗaukar maganar masoya ya sa a labari?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya a magana ɗaya, ya yi santsin baki a ɗayar, kuma duka biyun suna da tarihi.

Sai ka fara sanin yadda ake ba da labarin, don daga nan hasashen yake tsirowa. Richard Garfield ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da shi a 1993. Tun daga lokacin ba a taɓa zuba labarin a faifai ɗaya ba. Wani yanki yana cikin zanen kati, wani yana cikin ɗan rubutun nan na ƙasan kati wanda ba ya da tasiri a wasa, wani a littattafai, wani kuma a gajerun labaran da kamfanin ke sakawa a intanet duk lokacin da sabon zubin katuna zai fito. Mai buɗe fakiti ba ya samun katunan a jere, ballantana labarin. Dole ya yi ɗinki da kansa. Masu wannan ɗinkin har suna gare su a tsakanin 'yan wasa, ana ce musu Vorthos, sunan da mai zane Matt Cavotta ya raɗa musu a 2005.

Kamfanin kuma ya san da su, yana ajiye musu tsaba da gangan. A 2007 an buga wani kati mai suna Ghostfire a zubin Future Sight, ɗan rubutunsa ya ambaci idon wani dodo Ugin. Babu wanda ya san ko wane ne. A 2010 sai ga katin ƙasa mai suna Eye of Ugin. Shi Ugin ɗin bai samu katinsa ba sai a Janairun 2015, a zubin Fate Reforged. Kusan shekara takwas ke nan tsakanin jin suna da ganin fuska. Wanda ya ga irin wannan sau ɗaya ba zai ƙara karanta ƙasan kati da wasa ba.

To mu zo kan Emrakul, don a nan abokinka ya fi ƙarfi.

Eldrazi wasu manyan halittu ne marasa launi masu cinye duniyoyi, kuma shugabanninsu uku ne: Ulamog, Kozilek da Emrakul. A labarin, mutum uku ne suka haɗu suka ɗaure su a duniyar Zendikar dubban shekaru da suka wuce: Ugin, da Sorin Markov mashayin jini, da Nahiri mai sarrafa duwatsu. Sun kuɓuce a zubin Rise of the Eldrazi na 2010. A farkon 2016, a Oath of the Gatewatch, jaruman labarin suka hallaka Ulamog da Kozilek. Emrakul kuwa ko ƙeyarta ba a gani ba.

Wata uku bayan haka, a Afrilun 2016, labari ya koma Innistrad, duniyar Sorin, a zubin Shadows over Innistrad. Mutane suna haukacewa, jikin dabbobi da na mutane yana lauyewa, mala'ika Avacyn da Sorin ya ƙera don ta tsare mutane ta juya tana kashe su, ga wasu murɗaɗɗun duwatsu sun tsiro ko'ina suna nuni wuri guda. Kamfanin bai faɗi mai laifi ba. Sai ma ya mai da zubin gaba ɗaya aikin bincike, har da katin Tamiyo's Journal da aka buga da rubutu iri shida, kowane da lambar shafinsa, don masu haƙuri su warware saƙon da ke ɓoye. Masoya suka jera abin da ke hannunsu. Murɗa dutse sana'ar Nahiri ce. Nahiri tana da jiƙaƙƙiya da Sorin, don shi ya kulle ta shekaru aru-aru, da ta fito ta tarar Eldrazi sun yi kaca-kaca da ƙasarta Zendikar. Lauya naman mai rai kuwa aikin Emrakul ne, kuma ita kaɗai ce ba a san inda ta shiga ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A Yulin 2016 zubin Eldritch Moon ya fito, ga Emrakul a sararin sama, Nahiri ce ta jawo ta don ta rama.

Ka lura da abin da ya sa wannan hasashen ya ci. Kowane ɓangarensa akwai katin da za ka ɗaga ka nuna. Akwai dalilin ramuwa, akwai alamar sana'a, akwai gurbin wanda ya ɓace. Ba a buƙaci a ƙirƙiro komai ba.

Batun cewa ita ta kulle kanta kuwa ya ma wuce hasashe, yana cikin labarin da kamfanin ya wallafa. An ɗaure Emrakul a cikin watan da ke sararin samaniyar Innistrad, jarumai suna murna, sai Tamiyo, mai binciken da ta yi tsafin ɗaurin, ta faɗa wa Jace, ɗaya daga cikin jaruman, cewa ba da hankalinta ta kammala tsafin ba, Emrakul ce ta shige ta ta ƙarasa aikin. Kafin nan ma Emrakul ta nuna wa Jace a cikin tunaninsa cewa lokacinta bai yi ba tukuna. Saboda haka abokinka bai yi ƙari ba a nan. Inda hasashe ya fara shi ne yaushe za ta fito da kuma abin da take jira. An koma Innistrad sau biyu a 2021, a Midnight Hunt da Crimson Vow, dare yana ta ƙara tsawo, ita kuwa ba ta fito ba. Kada kuma katin Emrakul, the World Anew na zubin Modern Horizons 3 na 2024 ya ruɗe ka. Irin wannan zubin yana ɗebo mutane daga kowane zamani ne don wasa, ba ci gaban labari ba ne. Mutane da yawa suna faɗawa wannan ramin, su ga sabon kati su ce an dawo da wance.

Marit Lage fa? A nan ba na tare da abokinka. Sunanta ya fara fitowa a katunan Ice Age na 1995, sannan a 2006 katin Dark Depths ya ba ɗan wasa damar tono ta daga ƙarƙashin ƙanƙara, ƙatuwar halitta mai ƙarfi 20/20, mai tashi sama, wadda ba a iya hallakawa. Tana da tsinkayen hannuwa birjik, tana da girman da ya wuce hankali, an kuma binne ta. Biri ya yi kama da mutum. Amma kama kaɗai ce. Marit Lage baƙar halitta ce a tsarin launukan wasan, shugabannin Eldrazi kuwa rashin launi shi ne asalin siffarsu. An ambace ta shekara 15 kafin a buga katin Eldrazi na farko. Labarin kuma ya nanata cewa su uku aka ɗaure. Abin dariya, a 2016 ɗin nan akwai ɓangaren masoya da suka dage cewa Marit Lage ce ke haukata Innistrad, ba Emrakul ba. So ne kawai suke a dawo musu da tsohuwar da suke ƙauna.

Wannan son shi ne ciwon yawancin hasashe, kuma babu inda ya fito fili kamar kan The Wanderer. A zubin War of the Spark na 2019, inda aka tara masu ƙetare duniyoyi 36 don yaƙar dodo Nicol Bolas, sai ga wata mace sanye da fararen kaya da faffaɗar malafa ta rufe fuska, riƙe da takobi, ba suna ba asali. Nan fa kowa ya kawo nasa. Wasu suka ce Elspeth ce, jarumar da aka kashe a duniyar Theros a 2014, ta dawo a ɓoye. Wasu suka ce Emrakul ce ta sato jiki daga cikin wata ta ɗauki siffar mutum. Elspeth ta fito daga lahirar Theros da fuskarta a buɗe a Janairun 2020, wannan ya rushe na farko. A Fabrairun 2022 kuma zubin Kamigawa: Neon Dynasty ya nuna cewa matar sarauniyar Kamigawa ce da ta ɓace, wadda wata na'urar mugun nan Tezzeret ta lalata mata baiwarta ta ƙetare duniyoyi har ba ta iya zama a duniya ɗaya. Sabuwar mutum ce fil. Waɗanda suka kusa cin gari su ne masu tawali'un da suka dubi malafa da takobin suka ce daga Kamigawa take, suka tsaya nan. Rufaffiyar fuska ba shaida ba ce, fili ne kawai da kowa ke shuka abin da ransa ke so.

Kada ka ɗauka ina cewa duk hasashen da ya jingina da tsohon suna banza ne. Mai Hankaki ya ƙaryata hakan. A Magic Origins na 2015 aka nuna yadda Liliana Vess, tana budurwa a Dominaria, ta shiga daji neman maganin ɗan'uwanta Josu, wani mutum mai tafe da hankaki ya yaudare ta, maganin ya mai da Josu gawa mai tafiya. Mutumin ya ci gaba da bibiyarta shekaru da yawa. An ce Bolas ne, an ce Yawgmoth ne uban Phyrexia, duniyar miyagun halittu masu jikin inji, an ce ma haukarta ce kawai. Amma wasu 'yan tsiraru da suka san tsofaffin littattafai suka ce Lim-Dûl ne, matsafin nan mai tayar da gawawwaki na zamanin Ice Age. Hujjarsu ta fi ta kowa tsari: sana'arsu ɗaya da Liliana, ɗan Dominaria ne, ruhinsa ya saba sauya jiki, kuma labarinsa ya ƙare a duniyar Shandalar, inda Liliana ta samo wani lulluɓin sarƙa na tsafi da Mai Hankaki ya damu da shi. Shekaru aka yi ana jira. A 2022, a Dominaria United, aka tabbatar shi ne. Tsohon suna ne, gaskiya, amma an bi sawu aka kai gare shi, ba wai an fara da shi sannan aka nemo hanya ba.

In abokinka ya sake zuwa da sabo, tambaya ɗaya za ka yi masa: wane kati, wane labari? In ya ce kama suka yi, ko ya ce ai zai yi daɗi in haka ne, ka sha shayinka ka ƙyale shi. Ka kuma duba irin zubin da shaidar ta fito, na labari ne ko na tara tsofaffi. Sannan ka tuna kamfanin kan warware tufkarsa. Abin da littafin shekarun 1990 ya faɗa ba lallai ya tsaya a yau ba, kuma a 2018 ne aka wayi gari Ugin da Bolas tagwaye ne, abin da ya sa aka koma ana sake karanta duk tsohuwar gabarsu da sabon ido.

Tambayarka ta ƙarshe, ko suna ɗaukar maganar masoya. Suna ji, wannan babu shakka. Mark Rosewater, babban mai tsara katunan, ya shafe shekaru yana amsa tambayoyin 'yan wasa kusan kullum. Sai dai ana fara aikin zubi kimanin shekara biyu kafin ya shiga kasuwa, don haka hasashen da aka yi a Afrilu ba zai sauya katin da zai fito a Yuli ba. Lokacin da ake ta musu kan Emrakul a 2016, an riga an gama zana ta. Inda muryar masoya take tasiri shi ne a dogon zango, kuma ta fi tasiri kan wanda za a dawo da shi fiye da yadda labari zai ƙare. Akwai wani ɗan halitta mai ido ɗaya, Fblthp, da ya fito a zanen katin Totally Lost a 2013, ya ɓata a tsakiyar birnin Ravnica yana rarraba ido. Ba shi da wani matsayi a labari. Mutane suka ƙaunace shi, suka yi ta raha cewa shi ne zai ceci duniya, masu zane suka riƙa ɓoye shi a bayan wasu katunan, har a 2019 aka ba shi katin kansa a War of the Spark. Komawa Kamigawa ma shekaru aka yi ana roƙo, don zubin farko na 2004 bai yi kasuwa yadda kamfanin ya so ba, suka daɗe suna jan ƙafa kafin su amsa a 2022.

Ni dai in za a sa ni zaɓa tsakanin maganganun abokinka biyu, zan ajiye Marit Lage a ƙarƙashin ƙanƙararta, in sa ido kan watan Innistrad.