Tagogin alminiyom masu kama da katako

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wannan fenti mai kama da katako zai jure ranar Damagaram. Zai jure, in aikin na kirki ne. Garin fenti ake fesa wa alminiyom a gasa shi a zafin digiri kusan 200, sannan a naɗe shi da takarda mai zanen itace a sake gasawa har zanen ya shige cikin fentin. Shi ya sa ba ya ɓarewa, gara kuma ba ta cin sa.

Abin da nake jiye maka shi ne koɗewa. Fentin akwai na cikin ɗaki, akwai na waje wanda ya fi jure rana. Don Allah ka nace sai na waje, musamman tagar da ke fuskantar yamma. Ƙurar hunturu kuwa, ruwa da tsumma mai laushi sun isa, kada yara su sa masa soson ƙarfe.