Sallar wanda aka sa wa robar fitsari saboda kumburin furostet

Tambaya: Malam, mahaifina ya haura shekara 65. Likita ya ce furostet ɗinsa ta kumbura, an sa masa roba da jakar fitsari ɗaure a cinya. Tun ranar ya daina zuwa masallaci, yana cewa ba shi da tsarki. Ya zai yi?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya yi maka albarka. Furostet ɗan nama ne kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari. Idan namiji ya manyanta, naman yakan ƙara girma ya matse hanyar, sai fitsari ya riƙa ɗiga ko ya tsaya cak. Yoyon fitsari ba da ikon mutum ba larura ce, kuma malamanmu sun daɗe da yi mata babi, suna kiranta salas.

A mazhabar Malikiyya lokaci ake dubawa. Idan yoyon ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Idan yankewarsa ta fi zuwansa yawa, yana warwarewa. Mai roba kuwa fitsarinsa zuba yake dare da rana ba da ikonsa ba, don haka alwalarsa tana nan sai wani abu daban ya karya ta, kamar barci mai nauyi. Ibnu Abi Zaid ya ambata a Risala cewa mustahabbi ne mai salas ya sake alwala kowace salla. Idan hakan ya yi masa wuya, an ɗauke masa.

Jakar ma an yi rangwame a kanta, haka ɗigon da ke taɓa wando kullum. Sayyidina Umar ya yi salla jini na kwarara daga rauninsa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Allah kuma Ya ce bai sanya mana ƙunci a addini ba (Hajji, 78). Baba ya zubar da abin da ke jakar kafin ya fita, ya rufe bakinta sosai, ya shiga sahu. Limanci dai ya bar wa masu lafiya, domin makaruhi ne a gare shi.

Abin da ya fi damuna, dattawa da yawa na ɓoye ciwon nan don kunyar likita ya duba al'aura, sai fitsari ya toshe ko ƙoda ta taɓu. Duban likita don magani halal ne gwargwadon buƙata. Kada ku bari Baba ya tsallake ranar canjin roba.

Wallahu a'alamu.