Fumfuna a ganyen shuka: me za a saya, me za a haɗa a gida?

Wata uwargida daga Zariya ta rubuto: "Ina noman buhu a bayan gida, kuɓewa da kokwamba da tumatir. Tun shigowar sanyi ganyen kuɓewa da na kokwamba ya yi fari kamar an barbaɗa masa fulawa. Mai shagon maganin gona ya ce in sayi wata kwalba in fesa, ni kuma ina tsoro saboda yara kan tsinki kokwamba su ci nan take. In saya ne, ko akwai na gida?"

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna, ki fita ki shafa ganyen da yatsa. Idan farin ya biyo yatsanki, kuma a saman ganye yake, to farar fumfuna ce, wadda ta fi addabar dangin kabewa da kuɓewa. Ba ta buƙatar ruwan sama. Rana a bushe, dare da raɓa, inuwa da cunkoson shuka, su ne abin da take so, shi ya sa ta fi tashi a noman rani da bayan gida inda katanga ke tare iska. Idan kuwa kika ga tabo rawaya a sama, kika juya ganyen kika tarar da toka-toka a ƙasa, wannan wata cuta ce daban, ta damina, kuma abin da zan faɗa miki ba zai yi mata komai ba.

Ga farar, madara ta isa a fara da ita. A 1999 wani mai bincike a Brazil, Wagner Bettiol, ya wallafa gwajin da ya yi a kan wani nau'in kabewa, inda ya gano cewa madarar shanu da aka sirka da ruwa tana danne cutar ƙwarai, har tana gogayya da maganin shago in an dage da fesawa. Awon mai sauƙi ne: kofi 1 na madara, kofi 9 na ruwa, sau biyu a mako, da safe, sama da ƙasan ganye. Ɗanyar madara ko ta gari marar sukari. Ki guji ta gwangwani mai zaƙi, don tururuwa za ta kira miki.

In madara ta yi tsada, akwai bekin soda: cokalin cin abinci 1 a lita 4 na ruwa, da ɗigon sabulun ruwa don ya kama ganye. Ki duba rubutun kwalin da kyau, domin a shago sau da yawa bekin foda ake miƙo wa mutum, shi kuma an gauraya shi da wasu abubuwa. Kada ki ƙara awo don neman sauri, ganye zai ƙone, kuma gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasar buhu. Ki gwada a shuka ɗaya, ki jira kwana biyu.

Amma fa ganyen da ya riga ya yi fari fat ba ya dawowa. Ki cire shi, ki fitar da shi daga gidan ko ki ƙona, ki ja buhunan nesa da juna, ki kai su inda rana ke sauka. Feshin na kare ganyen da ya saura ne da sabon toho. A ganina, a 'yan buhunan bayan gida, kwalbar nan ba ta zama dole ba.

Wani magidanci daga Maraɗi ya tambaya: "Ganyen lemun tsamina da na gwaiba ya yi baƙi ƙirin, yana danƙo. An ce man bedi ne maganinsa. In sayi na kwalba, ko in tafasa ganyen bishiyar da ke ƙofar gidana?"

Malam, baƙin nan da kake gani ba shi ne asalin matsalar ba. Juya ganyen. Za ka ga darɓa, ko farin ƙuda, ko wasu ƙwari masu farin gashi a manne. Suna tsotsar ruwan ganye suna fitar da wani abu mai zaƙi, a kansa baƙar fumfunar ke tsirowa. Ba ta shiga cikin ganye, rana kawai take tare masa. Ka kori ƙwarin, baƙin zai bushe ya ɓamɓare, ko ka wanke shi da ruwa da ɗan sabulu. Ka lura da tururuwar da ke hawa da sauka a jikin bishiyar, gadin ƙwarin take yi saboda zaƙin.

Bedi, wanda a Najeriya ake kira darbejiya ko dogon yaro, yana aiki a nan, sai dai ƙarfinsa a ƙwallon yake, na ganye kaɗan ne, tafasawa kuma tana rage shi. Tunda bishiya na ƙofar gidanka, ka tsinci 'ya'yan da suka nuna, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka ɓare, ka daka ƙwayar. Giram 50 a lita 1 na ruwa, ya kwana a jiƙe, ka tace da ƙyalle mai laushi, ka sa ɗan sabulu. Ƙwallon da ya yi ruɓa ko fumfuna ka zubar. Ka fesa da yamma, saboda rana na kashe sinadarin da sauri, kuma a lokacin ƙudan zuma sun koma. Ka maimaita duk mako. Ba ya kashe ƙwari nan take, hana su ci da girma yake yi, don haka kada ka yanke masa hukunci washegari.

In ka fi son na kwalba, nemi wanda aka matse ba tare da zafi ba, mai warin tafarnuwa-tafarnuwa, a kwalba mai duhu. Wanda ya daɗe a rana kan tebur a kasuwa ka wuce shi. Cokalin shayi 1 a lita 1, da sabulu don ya haɗu da ruwa, kuma abin da ka haɗa yau, yau za ka ƙarar.

Wani matashi daga Jos ya ce: "Ana tallan shayin shuka a jarka, wai taki ne kuma maganin cuta. Wasu kuma sun ce a jiƙa ɓawon ayaba. Wanne ya cancanci kuɗi?"

Ƙanena, abin da ke cikin jarkar nan galibi ruwa ne da aka jiƙa taki a ciki, kuma kai ma za ka iya. Ka zuba ruɓaɓɓen taki a buhu, ka ɗaure, ka rataya a duro, kashi 1 na taki ga kashi 10 na ruwa, kana motsawa kullum har kusan mako. Ka sirka shi ya yi fatsi-fatsi, ka zuba a gindin shuka. A matsayin abincin shuka yana da amfani. Batun maganin cuta kuwa, gwaje-gwajen masana sun saɓa wa juna, wani ya ga an samu sauƙi, wani bai ga komai ba, don haka kada ka dogara da shi ka bar cire ganye da ba da tazara.

Inda nake so ka tsaya shi ne ɗanyen kashin dabbobi. Yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, kuma ku a Jos latas da kabeji da karas ake ci ɗanye. Dokar noma ba sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Saboda haka ruwan taki ba ya hawa ganyen da za a ci. Kashin kaji kuma yana da zafi, in ya yi yawa shuka ta yi ganye lusu-lusu, wanda shi ne abin da darɓa da farar fumfuna suka fi so.

Ɓawon ayaba ka jefa shi a ramin taki. Abin da yake saki a ruwa bai taka kara ya karya ba.

Wata malamar makaranta daga Katsina: "Kanwa za ta iya maye gurbin bekin soda? Ruwan taba fa?"

Malama, kanwa ta fi shi kaifi, kuma ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, ba za ki iya auna ta daidai ba. Ki bar ta a tukunya. Ruwan taba guba ne da ke ratsa fatar mutum, kuma yana iya ɗauko wa tumatir da tattasai cutar da ke nannaɗe ganye, wadda ba ta da magani.

Wani manomin fadama daga Haɗeja: "Kadadata ta kankana ta fi ƙarfin madara. Me zan saya?"

Gaskiyarka, Alhaji. Nemi farar wuta ta feshi, wadda aka yi don gona, mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jiki, ka bi awon da ke takardar. Tsohon magani ne na farar fumfuna kuma masu noma ba sinadari sun yarda da shi. Sharaɗi biyu gare ta: ba a fesa ta idan zafi ya haura digiri 32, kuma a bar mako biyu tsakaninta da kowane feshi mai mai, har da na darbejiya. Dangin kankana ba sa jure ta sosai, sai ka gwada a kunya ɗaya da yamma kafin ka bi gonar. Ka kuma ware mata famfon feshi nata daban, don wanda ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa yakan bar saura a tiyo ko an wanke.