Filin Kanikanci: Farfaɗo da Fijo 504 da Ƙara Mata Gudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 salun daga mahaifinmu, ta yi shekaru a ajiye. Ina so in tashe ta, ta zama mai gudu irin tsofaffin Ford na 1932 da Amurkawa ke ɗora wa manyan injuna. Ta ina zan fara? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ka gaji mota mai asali: an fara ƙera 504 a Faransa a 1968, an harhaɗa ta a Kaduna shekaru da yawa, kuma ita ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Ƙashinta zai ɗauki ƙarin ƙarfi, in dai tsatsa ba ta cinye shi ba.

Saboda haka, Malam, kada ka fara da inji. Cire kujeru da kafet, a ɗaga motar, ka bi da guduma ƙarama kana ƙwanƙwasa daɓen ciki, da ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da mazaunin shokozoba na gaba, da inda ƙafar baya ke ɗaure da bodi. Duk inda ya yi taushi a yanke, a walda sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali. Kada ka yarda fanelbita ya cike ramin da fila ya shafa fenti. Fila na gyaran fuska ne, ba ya ɗaukar nauyi, kuma salun ɗin 504 ba ta da shasi daban. Bodin ne ke riƙe komai.

Daga nan sai birki. A sauya dukkan tiyon roba ko da sun yi kyau a ido, domin ta ciki suke kumbura su riƙe taya. A sa sababbin robobin masta, wato famfon birki, a zubar da tsohon man birki, a zuba sabo mai lamba DOT 4. Tayar da ta daɗe a tsaye ma ta tafi, komai kyan zanenta. A kula da rim: ramuka huɗu ne a kan da'irar milimita 140, awon da ba kasafai ake samu a wasu motoci ba. Masu goge ramin rim ɗin wata mota don ya shiga da ƙarfi suna wasa da rai ne.

Sai yanzu inji. Na lita biyu, wato cc 1971, yana ba da ƙarfin doki casa'in da 'yan kai in yana da lafiya, kuma yawancin waɗanda ke kan titi sun yi nisa da hakan. A auna matsin kowace silinda. In bambancin ya wuce kashi 10 cikin ɗari, a buɗe. Ga inda ake yawan ɓarna: silindojin wannan inji silif ne, wato bututun da fistan ke kai-komo a ciki, da ake cirewa, ruwa na zagaya su kai tsaye. In aka ɗaga tof, wato kan inji, sannan aka juya karanshaf ba tare da an danne silif ɗin da ƙusa da wosha ba, za su motsa, abin da ke toshe gindinsu ya yage, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Mutum ya sa sabon gasket, mako guda ya ga mai ya koma kamar kunu. Bayan haɗawa a saita bawul inji na sanyi, na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25, a sake ɗaure ƙusoshin tof bayan kimanin kilomita 1,000.

Ƙarin ƙarfi mai araha yana zuwa daga kafireto mai maƙogwaro biyu da aka wanke aka saita, da disbuto, wato mai rarraba wuta ga fulogi, na lantarki a madadin mai kwantak, da salansa mai faɗin kusan milimita 50. In ta wuce haka ƙara kawai za ka samu, motar ta rasa jan farko.

Tambaya: Bakanikena ya ce mu jefar da injin Fijo mu ɗora na Toyota V6, mai silinda shida. Ya dace? — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Zai yiwu, amma ba mu ba da wannan shawara. A salun ɗin 504 farfela tana tafiya ne cikin bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da akselin baya, don haka baƙon giyabos ba ya zama sai an sake fasalin ƙarƙashin motar. Ga kuma wayarin na kwamfutar inji, da famfon mai mai matsi.

Hanya mafi tsafta ita ce dangin gida. Injin 505 GTI mai lita 2.2 yana kai doki 130, kuma Peugeot da kanta ta sa V6 a 504 mai ƙofa biyu tun 1974. Ka sayi injin tare da giyabos ɗinsa mai giya biyar, da kuloci, da wayoyinsa, daga mota guda. Za a buƙaci ƙera mazaunin inji. A yi shi da ƙarfe mai kauri, a bar robobinsa, kada a walda inji da jiki. V6 ya fi nauyi, sai an ƙarfafa sifirin na gaba. In an gama, ka je ofishin lasisi a sauya lambar inji a takardu.

Tambaya: Tun da aka yi wa motata gyaran gudu take zafi, ko da yake an cire tamostat. — Mai karatu daga Kano

Amsa: A mayar da tamostat ɗin, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, cire shi ba ya maganin komai. A duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, domin wutar da ta makara tana dafa inji, haka ma kafireton da ke ba da mai kaɗan. Sannan a kai lagireto a buɗe a tsefe bututunsa, ko a sa mai layi uku. A daina zuba ruwan rijiya zalla, yana cin alminiyon tof yana toshe hanyoyi. A haɗa ruwan sanyaya inji da tataccen ruwa rabi da rabi, a sa sabon murfin lagireto mai riƙe matsi.